Kogon Fingal: Baƙi Sun Kawo Suna, 'Yan Gari Sun Bar Kufai

Da safiyar ranar 13 ga Agusta, 1772, wani attajiri ɗan Ingila masanin tsirrai mai suna Joseph Banks ya tsaya a bakin wani kogo da ke tsibirin Staffa, a yammacin ƙasar Sikotland, ya tambayi mutumin da ke yi masa jagora sunan wurin. Mutumin ya amsa masa da harshensa na Gelik. Har yau masana ba su daina gardama a kan ko abin da ya faɗa shi ne abin da Banks ya ji ba. Sai dai sunan da Banks ya rubuta a littafinsa shi ne ya bi duniya, wato Kogon Fingal.

Cikin shekara 60 sunan ya hau taswira, ya shiga waƙoƙin manyan mawaƙan Ingila, ya zama sunan wani kiɗa da har gobe ake yi a manyan zaurukan Turai. Cikin shekara 80 kuwa, an tashi mafi yawan mutanen Ulva daga gidajensu. Ulva shi ne tsibirin da ke maƙwabtaka da Staffa, kuma mutanensa ne suka daɗe suna tuƙa baƙi zuwa kogon. Littattafan yawon buɗe ido sukan ba da labari na farko su tsallake na biyu, alhali a ruwa ɗaya suka faru, kuma a zamani ɗaya.

Dutsen da ya yi kama da gini

Staffa ɗan ƙaramin tsibiri ne. Tsawonsa kimanin kilomita 1, faɗinsa rabin haka, girmansa duka hekta 33. Yana kimanin kilomita 10 yamma da babban tsibirin Mull, cikin jerin tsibiran da ake kira Hebrides. Babu bishiya a kansa, babu kuma wurin da jirgi zai fake idan teku ta tashi. Sunansa ya samo asali ne daga harshen 'yan Viking da suka mallaki waɗannan tsibirai ɗaruruwan shekaru, kuma ma'anarsa ita ce tsibirin ginshiƙai, domin gefensa ya tuna musu da itatuwan da suke kafawa a tsaye idan za su gina gida.

Waɗannan ginshiƙai su ne dalilin shaharar wurin. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da arewacin Tekun Atlantika ke buɗewa, narkakken dutse ya yi ta kwarara daga ƙarƙashin ƙasa yana malale yankin. Inda ya taru da kauri, sai ya huce a hankali. Abin da ke hucewa yakan tsuke, abin da ke tsukewa kuma yakan tsage. Duk wanda ya taɓa ganin lakar fadama da rani, yadda take daddarewa gida-gida, ya ga irin wannan aiki a fili. Bambancin kawai shi ne a Staffa tsagar ba ta tsaya a sama ba, ta yi ta bin dutsen zuwa ciki yayin da sanyi ke ratsa shi, har ta yanka shi dogaye-dogayen ginshiƙai, mafi yawansu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Sashen da ke sama ya fi saurin hucewa, don haka ya fito a hargitse, ya zauna a kan ginshiƙan kamar rufi.

Sauran aikin teku ce ta yi shi. Ta sami wata baraka a jikin dutsen, ta yi ta dukanta tana ɓalle ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, har ta haƙa rami mai zurfin kusan mita 70, wanda tsayin bakinsa ya kai kimanin mita 20 daga saman ruwa. Ƙasan kogon ruwa ne. Idan igiyar ruwa ta shigo daga Atlantika, takan bi ramin har ƙurya ta bugi bango, iskar da ta matse ta dawo da wani irin gunji mai amsa-kuwwa. A ranar da teku ta lafa, sautin kan yi taushi kamar na kiɗa daga nesa. A ranar hadari kuwa, daga nesa ake jin rugugin.

Banks da tambayarsa

Banks bai fito neman Staffa ba. Shekara guda kafin nan ya dawo daga tafiyar shekara uku tare da Kyaftin James Cook, wadda ta kai su Tahiti da New Zealand da gabar gabashin Ostireliya, kuma ya dawo da suna mai girma. An shirya zai bi Cook tafiya ta biyu, amma ya yi rigima da hukumar sojan ruwa a kan ɗakunan da ya nemi a ƙara masa a jirgin, ya janye cikin fushi. Tun da ya riga ya ɗauki masu zane da masana aiki, sai ya yi hayar jirgi ya nufi Aisland da su. A hanya suka tsaya kusa da Mull, inda wani ɗan Ingila da suka tarar a gidan mai masaukinsu ya ba su labarin wani tsibiri mai ginshiƙai. Suka shiga ƙaramin jirgi suka tafi, suka isa da dare. Iyali ɗaya tak suka tarar a tsibirin, masu kiwon shanu, a cikin bukka.

Da gari ya waye suka zagaya, suka auna ginshiƙan, masu zane suka zana. Banks ya rubuta cewa abin da ya gani ya sa manyan majami'u da fadojin da ɗan Adam ke alfahari da su sun zama kamar kayan wasan yara. Sa'an nan ya yi tambayarsa. Bisa ga ruwayarsa, jagoran ya ce kogon Fionn ne, wato Fionn mac Cumhaill, gwarzon tatsuniyoyin mutanen Gelik na Sikotland da Ayaland, wanda wani marubuci na wancan zamani ya mayar da sunansa Fingal. Banks ya yi murna ƙwarai da wannan amsa.

Shekara 12 bayan haka, a 1784, wani Bafaranshe masanin duwatsu mai suna Faujas de Saint-Fond ya ziyarci Staffa, ya bincika sunan, ya ce an yi kuskure. A cewarsa sunan wurin An Uamh Bhinn, wato kogo mai daɗin sauti. Yadda kuskuren zai iya aukuwa ba shi da wuyar ganewa. A harshen Gelik, harafin farko na sunan Fionn yakan ɓace a furuci idan ana nufin mallaka, don haka Uamh Fhinn, kogon Fionn, da Uamh Bhinn, kogo mai sauti, kusan abu ɗaya ne a kunne. Bahaushe ya san irin wannan. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, jan wasali da karin sauti ne kawai suka raba su, kuma baƙon da bai iya harshen ba yana iya ɗaukar wannan a madadin wancan, musamman idan akwai wanda ya fi so ya ji.

Akwai masu ganin cewa jagoran Fionn ɗin ya ambata da gaske, domin mutanen yankin sun saba jingina manyan duwatsu ga wannan gwarzo. A arewacin Ayaland akwai irin waɗannan ginshiƙai a bakin teku, kuma tatsuniya ta ce Fionn ne ya shimfiɗa su ya yi gada zuwa Sikotland. To ko da hakan ne, kalmar Fingal da ta zauna a taswira daga littafi ta zo wurin, kuma Banks ya riga ya karanta littafin kafin ya taka tsibirin.

Faujas ya bar wani labari kuma. Ya tarar da mutum 16 a Staffa. Abokan tafiyarsa da suka riga shi zuwa, hadari ya tsare su kwana biyu a bukkokin mutanen, suka fito da ƙwarƙwata a jikinsu. Da suka yi ƙorafi, masu gida suka ce ai Banks ne ya kawo musu ita. Wannan na cikin 'yan wuraren da aka rubuta ra'ayin mutanen Staffa game da mutumin da aka ce shi ya gano tsibirinsu. Kafin ƙarshen ƙarnin sun bar wurin, kuma tun daga nan ba a sake zama a cikinsa ba.

Littafin da ya riga Banks isa

Littafin na James Macpherson ne, wani malamin makaranta ɗan tsaunukan Sikotland mai jin Gelik. A 1760 ya buga wasu gutsattsarin waƙoƙi da Turanci, ya ce fassara ce daga tsofaffin waƙoƙin mutanensa. A ƙarshen 1761 ya fitar da doguwar waƙar jarumta mai suna Fingal, ya ce wani makahon mawaƙi mai suna Ossian, ɗan Fingal, ya tsara ta tun ƙarni na 3. Turai ta ruɗe. An fassara waƙoƙin zuwa manyan harsunanta, Goethe ya sa wani sashe nasu cikin littafinsa na 1774, Napoleon ma ya kasance cikin masu ƙaunarsu.

Tun da wuri aka yi shakka. Samuel Johnson, babban marubucin Ingila, ya ce ƙirƙira ce, ya nemi a nuna masa rubutun asali, ba a kuwa nuna ba. A 1805 wani kwamitin ƙungiyar mutanen tsaunukan Sikotland ya kammala bincike, ya gano cewa lallai akwai tsofaffin waƙoƙin Fionn a bakin jama'a da cikin tsofaffin takardu, kuma Macpherson ya ɗebo daga cikinsu, amma ya sauya, ya ƙara, ya dinke su yadda ya ga dama. Doguwar waƙar da ya ce ya fassara ba ta taɓa wanzuwa a wannan siffa ba.

Lokacin fitowar littafin yana da muhimmanci. A 1746 sojojin gwamnatin Birtaniya suka murƙushe tawayen da yawancin mayaƙansa mutanen tsaunuka ne, a yaƙin Culloden. Bayan nan aka hana su riƙe makami, aka haramta wa mazansu tufafinsu na gargajiya, aka ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin dangoginsu. Shekara 15 bayan wannan kaye sai ga littafi yana nuna kakanninsu a matsayin jarumai masu karamci, waɗanda zamaninsu ya shuɗe. Ossian na Macpherson tsoho ne da ya rage shi kaɗai, yana kukan mutanen da suka ƙare. Mutanen da jiya ake tsoro, yau sun zama abin tausayi da sha'awa. Masu karatu a Landan da Faris da Balin sun koyi kallon wannan ƙasa a matsayin wurin hazo da duwatsu da kufai, inda mutanen kirki suka riga suka mutu. Da wannan ido mafi yawan baƙin Staffa suka zo.

Daga filafili zuwa tururi

Bayanin Banks ya fito a 1774 cikin littafin tafiye-tafiyen Thomas Pennant, wanda shi kansa ya wuce ta gefen Staffa amma teku ta hana shi sauka. Johnson da abokinsa Boswell ma, a watan Oktoba na 1773, sun kwana a Ulva a gidan shugaban dangin MacQuarrie, mai mallakar Staffa a lokacin, amma igiyar ruwa ba ta bar su sun taka tsibirin ba. Wannan wahala ta ƙara wa wurin kwarjini.

Shekaru 50 na farko, hanya ɗaya ce. Matafiyi ya haye zuwa Mull, ya ratsa shi a kan doki ko a ƙafa, ya ƙetare ɗan mashigin ruwa zuwa Ulva, ya jira yanayi. Idan gari ya yi kyau, mazan Ulva su ɗauke shi a buɗaɗɗen kwale-kwale, su yi ta tuƙi na sa'o'i, suna rera waƙoƙin tuƙi da Gelik don hannayensu su daidaita. Sau da yawa akan tafi da mai busa algaitar nan tasu mai jakar iska, domin baƙo ya ji yadda kogon ke mayar da sauti. Shiga da kwale-kwale aiki ne na gwanaye. Kogon ƙunci gare shi, ruwan cikinsa yana hawa yana sauka da kowace igiya, kuma kuskure kaɗan ya isa ya haɗa jirgin da bango. Matuƙan sukan ƙidaya igiyoyin, su san wadda za su bi, su tokare dutse da sanda. Ta wannan hanya Walter Scott ya je a 1810. Mawaƙi John Keats ya je a 1818.

A shekarun 1820 jiragen tururi suka fara zirga-zirga daga garin Oban, tafiyar da a da take cin kwanaki ta koma ta yini guda. Amma babban jirgi ba ya iya matsawa kusa da dutsen. Yakan tsaya a nesa, ƙananan kwale-kwalen mutanen tsibiran su zo su kwashi fasinjoji. Kuɗin tikiti na kamfani ne, haɗarin kuwa na matuƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A irin wannan jirgi Felix Mendelssohn, matashin mai tsara kiɗa daga Jamus, ya zo a watan Agusta na 1829 yana da shekara 20. Ranar 7 ga wata, daga garin Tobermory na Mull, ya aika wa danginsa wasiƙa ɗauke da farkon wani kiɗa da ya ce tsibiran sun sa masa a rai. Sai washegari ya ga Staffa, kuma abokin tafiyarsa Karl Klingemann ya ba da labarin cewa teku ta wahalar da shi da jiri da amai. Ya kammala kiɗan a Rum a ƙarshen 1830, ya sake gyara shi, aka fara yin sa a bainar jama'a a Landan ranar 14 ga Mayu, 1832. Shi kansa ya fi kiransa da sunan tsibiran Hebrides. Da aka zo buga shi a Jamus sai aka sa masa Kogon Fingal, sunan da ya fi saye. Ke nan kiɗan da duniya ta ɗauka muryar kogon ce, an rubuta farkonsa tun mai shi bai ga kogon ba.

Mai zane J. M. W. Turner ya je a 1831, cikin mummunan yanayi. A zanen da ya nuna a shekara mai zuwa, kogon yana can gefe cikin hazo, da ƙyar ake gane shi, abin da ido ke fara kamawa shi ne jirgin tururi da baƙin hayaƙinsa. A 1833 William Wordsworth ya zo, ya koma ya rubuta waƙa yana kukan cewa cunkoson 'yan kallo ya hana shi ganin wurin yadda ya kamata. Shekara 61 kacal bayan Banks, an fara ƙorafin cewa baƙi sun yi yawa.

Shekarar da sarauniya ta zo

A watan Agusta na 1847 Sarauniya Victoria da mijinta Albert suka iso Staffa. Teku ta lafa, aka shiga da su cikin kogon a jirgin sarauta, ma'aikatan jirgin suka yi sowa don a ji amsa-kuwwa. Daga bakin kogon, idan aka zagaya gabas, Ulva na nan a fili, tafiyar 'yan kilomitoci. A wannan shekara mutanensa suna cikin yunwa.

Tushen abin ya faro tun da daɗewa. Bashi ya tilasta wa shugaban MacQuarrie sayar da Ulva da Staffa a 1777. Waɗanda suka biyo baya sun sami arziki daga ciyawar teku. Talakawa kan yanko ta a cikin ruwan sanyi, su shanya, su ƙona, a sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilashi. Lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon, da aka toshe hanyar shigo da irin wannan kaya daga Sifen, farashin tan ɗaya ya kai fam 20. Masu ƙasa suka so jama'a su yawaita, suka yanka musu gonaki ƙanana waɗanda ba za su ciyar da iyali ba sai an haɗa da aikin toka. Dankalin Turawa ya zama abincin kowa, domin shi ne ke ba da yawa a ɗan fili. Da yaƙi ya ƙare, aka rage harajin kayan waje a shekarun 1820, sai kasuwar toka ta rushe.

A 1835 wani lauya mai suna Francis William Clark ya sayi Ulva, mai mutane kusan 600. A 1846 cutar dankali, wadda ta riga ta afka wa Ayaland, ta iso tsibiran Sikotland ta lalata amfanin gona shekara bayan shekara. Masu haya suka kasa biyan kuɗin ƙasa. Clark ya yanke shawarar cewa tumaki sun fi mutane riba. Cikin 'yan shekaru ya kori fiye da rabin jama'ar tsibirin, kuma labarin da ya rage a bakin zuriyarsu shi ne na jinkar ɗakuna da aka cinna wa wuta don kada masu su su dawo. Waɗanda tsufa ko rashin lafiya suka hana tafiya an tara su a wani jerin ɗakuna a bakin teku, wanda har yau ake kira Layin Yunwa. Sauran suka watsu zuwa masana'antun Glasgow da Kanada da Ostireliya. Tsakanin 1852 da 1857, wata ƙungiyar tallafa wa ƙaura ita kaɗai ta kwashi mutum kusan 5,000 daga tsaunuka da tsibiran Sikotland zuwa Ostireliya.

Adalci ne a faɗi cewa masu zuwa kallon kogo ba su suka kori kowa ba, kuma da yawa daga masu ƙasa na wancan lokaci su ma bashi ya ci su. Amma akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu. Wanda ya taso da karatun Ossian ya zo ne yana sa ran ganin ƙasar da babu kowa. Da ya hangi gidaje marasa rufi daga kan jirgi, abin ya dace da hoton da ke ransa, bai ga dalilin tambayar yaushe aka cire rufin ba, ko wa ya cire. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A nan karin maganar ta juye: sunan da baƙo ya kawo ya kafu, 'yan gari suka bushe kamar raɓa.

Harshen ma ya bi sahu. Dokar ilimi ta Sikotland ta 1872, shekara 100 cif bayan zuwan Banks, ta wajabta makaranta ga kowane yaro ba tare da ta tanadi komai don Gelik ba. A ƙidayar 1891 masu jin harshen sun haura 250,000. A ta 2011 sun koma kimanin 57,000.

Daga Staffa zuwa Kwara

Labarin Banks bai tsaya a Sikotland ba. A 1778 ya zama shugaban babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, ya riƙe muƙamin har mutuwarsa a 1820. A watan Yuni na 1788 shi da wasu manyan mutane suka kafa wata ƙungiya a Landan don binciken cikin nahiyar Afirka. Abin da suka fi so su sani shi ne inda kogin Neja ya dosa, da kuma hanyar zuwa Tambutu da wani wuri da suke rubutawa Houssa, wanda wasunsu suka ɗauka birni guda ne. Su suka aiki Mungo Park, ɗan Sikotland, wanda ya isa kogin a Segu a 1796. Su kuma suka aiki Bajamushe Friedrich Hornemann, wanda ya bi ayari daga Murzuk a 1800, labari ya nuna ya ratsa Barno da Katsina kafin ya rasu a ƙasar Nufe. Park ya dawo karo na biyu da kuɗin gwamnati, ya wuce Yawuri, ya halaka a Busa. An daɗe ana koya wa yara a makarantun Nijeriya cewa shi ya gano kogin da kakanninsu ke kira Kwara, suke kamun kifi da fatauci a kansa tun kafin a haife shi.

Akwai wani zare kuma. Kakan David Livingstone mutumin Ulva ne, ya bar tsibirin a 1792 ya koma aikin masaƙa kusa da Glasgow. A 1855 jikansa ya isa wani gagarumin mafaɗar ruwa a kogin Zambezi, a cikin kwale-kwalen mutanen wurin, waɗanda ke kiransa Mosi-oa-Tunya, hayaƙi mai tsawa. Ya rubuta wannan suna, sa'an nan ya sa masa na Sarauniya Victoria. A can ma sunan 'yan gari ya siffanta abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji, na baƙo kuma ya girmama wani wanda ba ya wurin.

Staffa a yau

A 1986 wani Ba'amurke ɗan kasuwar talla ya sayi Staffa ya ba da shi kyauta ga hukumar adana kayan tarihi ta Sikotland, a 2001 kuma aka ayyana shi wurin kare halittu na ƙasa. Daga bazarar Turai zuwa kaka, ƙananan jirage masu inji suna kai dubun-dubatar mutane daga Mull da Iona da Oban. Idan yanayi ya yarda, akan sauke su na kimanin sa'a guda, su bi wata siririyar hanya a kan kututturan karyayyun ginshiƙai, suna riƙe da abin dafawa da aka kafa a jikin dutse, har bakin kogon. Wasu kan hau sama su zauna kusa da ramukan tsuntsayen teku masu jan baki da ke zuwa yin ƙwai.

Masu son shiga ta ruwa kamar yadda aka yi a da, yawanci da kayak suke zuwa, wato ɗan siririn kwale-kwale na mutum ɗaya mai filafili baki biyu. Ƙetarewar kilomitoci ce a buɗaɗɗiyar teku, kuma ƙa'idar ba ta sauya ba tun zamanin mazan Ulva. Rana na iya fitowa, iska ta kwanta, amma igiyar da hadari ya tayar can tsakiyar Atlantika kwana biyu da suka wuce ta iso ta cika kogon. Mai hankali yakan tsaya a waje ya daɗe yana kallon yadda ruwan ke hawa da sauka kafin ya sa kai. Sau da yawa hukuncin da ya dace shi ne a juya.

A Ulva kuwa, mutanen da suka rage ba su wuce shida ba a 2018. A watan Yuni na shekarar, wata ƙungiyar al'ummar arewa maso yammacin Mull ta sayi tsibirin a ƙarƙashin dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003, wadda ta ba jama'a damar riga kowa saye idan mai ƙasa zai sayar. Asusun filaye na gwamnatin Sikotland ya ba da fiye da fam miliyan 4. An fara gyara gidaje, mutane sun ɗan ƙaru. Tun 2005 Gelik yana da doka mai kare shi, kuma sunan An Uamh Bhinn yana fitowa yanzu a littattafan jagora kusa da na Fingal. Wasu daga jiragen da ke zuwa Staffa daga mashigin Ulva suke tashi, su bi gefen tsibirin, inda bangayen ƙauyukan da aka tasa suke tsaye har yanzu a cikin ciyawa. Ƙauyukan suna da sunaye, irin su Ormaig da Cragaig, kuma fasinjan da ya tambayi matuƙin jirgin zai iya samun wanda zai nuna masa su.